Yini Guda A Lakwaja, Garin Da Sarakuna Suka Zama Baƙi

Da wuya a sami wani daga cikinmu, mai harkar goro ne ko shanu ko kayan gwari, wanda bai taɓa ratsa Lakwaja ba, musamman tun shekarun da hanyar Birnin Gwari ta yi ƙaurin suna saboda 'yan bindiga, direbobi da yawa suka koma bi ta Ife da Akure da Owo da Okene. Amma in da za a tsare mu a ce mu faɗi abin da muka sani game da garin, amsar ba za ta wuce akwai zafi, akwai kifi, akwai gidan mai ba. Mu tsaya mu haɗa Azahar da La'asar, mu ci soyayyen kifi a tsaitsaye, direba ya ta da mota, shi ke nan. Mu kanmu mun fi shekara 30 muna yin haka.

To, a wata tafiya da muka yi kwanan baya zuwa Kano ɗaurin auren ɗan wani ɗan ƙungiyarmu, sai Allah ya tsayar da mu a garin ba da son ranmu ba. Mu bakwai ne a cikin bas, da wani yaro ɗan sakandare, ɗan ɗaya daga cikinmu, wanda bai taɓa zuwa Arewa ba. Muna shigowa gari da hantsi sai lagireto ya fashe, kafin direba ya ankara gaskit ya ƙone. Bakanike ya leƙa ya ce sai dai gobe. Aka yi ta tsaki, aka yi ta buga waya Kano. Muna zaune gindin wata bishiya bayan Azahar sai wani dattijo mai sayar da tazbaha da turare ya ji Hausarmu, ya tambaye mu daga ina. Muka ce daga Badun, amma asalin yawancinmu Kanawa ne. Ya yi murmushi ya ce, "Alhazai, ai kuwa sarkinku na nan kwance a bayanku, ko gaisuwa ba ku je kun yi ba." Yaron nan ya dubi mahaifinsa ya ce, "Baba, me zai kawo Sarkin Kano nan kuma?" Mahaifin ya yi shiru. Mu ma duk muka yi shiru, domin dai mun taɓa jin labarin sama-sama, amma ba wanda zai iya ba yaro amsa mai kai da gindi. Wannan kunya ce ta sa muka tashi muka zaga garin, ita ce kuma ta sa da muka dawo gida muka bi malamai da littattafai, har muka haɗa abin da za ku karanta.

Dattijon ya ce kafin mu je kan kaburbura mu fara hawa dutsen Patti, domin wanda bai ga ruwan ba ba zai gane garin ba. Gaskiya ya faɗa. Kalmar patti da Nufanci dutse take nufi. Daga can sama muka hangi inda Kwara da Binuwai suka haɗu, kowane da launin ruwansa, suna tafiya gefe da gefe kafin su gauraya. Kwara ta taso tun daga ƙasar Gini, ta ratsa Bamako da Gawo da Yamai da Yawuri da Jabba, tsawonta ya haura kilomita 4,000. Binuwai kuwa daga duwatsun Kamaru ta gangaro, ta bi ta Garwa da Yola da Makurɗi. Daga nan sai su zama ɗaya, su nufi Idah da Anacha har teku. Ɗan kasuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani: a zamanin da babu kwalta babu jirgin ƙasa, duk wanda ya riƙe wannan mahaɗa ya riƙe wuyan ciniki tsakanin Kurmi da Arewa. Tun kafin Turawa, Nufawa da Kakanda da Igala da Igbira da Bassa da Oworo suna hada-hada a wajen, kwale-kwale na kai da kawowa, fataken Hausa kuma suna saukowa da kanwa da tufafi da fatu. Da bayi ma, kada mu ɓoye.

Turawan Ingila sun fara gwada zama a nan a shekarar 1841. Suka karɓi fili daga hannun Attan Igala domin su kafa gonar gwaji, amma zazzaɓi ya kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na Turawan tafiyar, suka tattara suka koma. A cikin wannan ayari akwai wani fada Bajamushe mai suna Schön, wanda daga baya ya zama cikin na farko-farko da suka rubuta littattafan koyon Hausa da boko, akwai kuma Ajayi Crowther, Bayarabe, wanda aka 'yanto daga jirgin bayi. A 1854 wani likita ɗan Sikotilan, Dokta Baikie, ya hau kogin da jirgin ruwa yana ɗirka wa mutanensa kwinin, aka je aka dawo ba wanda ya mutu. Wannan ƙwayar magani mai ɗaci ita ce ta buɗe wa Turawa ƙofa, tun kafin a zo maganar bindiga. Ya sake dawowa a 1857, jirginsa ya bugi dutse a wajen Jabba ya nutse, daga bisani ya gangaro ya kafa sansani a gindin Patti wajen shekarar 1860.

Abin da ya kamata mu lura da shi a nan shi ne, Baikie ba da ƙarfi ya zauna ba. Da iznin Etsu Masaba na Bida ya zauna, ƙarƙashin inuwarsa. Wato dai shi ma baƙo ne da ya nemi masauki wajen mai ƙasa, kamar yadda iyayenmu suka nema wajen sarakunan Badun. Waɗanda suka cika sansanin kuwa 'yantattun bayi ne da fatake da 'yan gudun hijira daga ko'ina, Hausa kuma na cikin manyan harsunan da suke fahimtar juna da su. Shi kansa Baikie ya iya Hausa, har Kano ya je a 1862, ya rasu a Saliyo a 1864 kan hanyarsa ta komawa gida. Saboda haka Lakwaja da muke gani yau tun tushenta garin zango ce. Sarautar garin ma sunanta Maigari. Crowther kuma, bayan ya zama bishop, ya kafa makarantar Holy Trinity a 1865, wadda ake lissafawa a matsayin makarantar boko mafi tsufa a Arewa. Mun leƙa harabarta, aka nuna mana wasu ƙarafa da aka ce duk bawan da ya gudo ya taɓa su ya zama ɗa.

Baƙon da aka ba masauki bai daɗe yana baƙo ba. A 1886 kamfanin George Goldie, wato Royal Niger Company, ya sami takardar izni daga gwamnatin Ingila ya yi mulki da ciniki a bakin kogin, ya ajiye sojojinsa a Lakwaja. Daga nan ne a farkon 1897 suka tashi suka ci Bida da yaƙi, suka wuce suka ci Ilori. Shekara 37 kacal tsakanin neman masauki wajen Masaba da harba igwa a kan ganuwar ɗansa Etsu Abubakar. Ranar 1 ga Janairu 1900 kuma, a nan Lakwaja aka sauke tutar kamfani aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya zama babban kwamishinan Arewa, alhali kuwa a ranar ko Zariya ba su kai ba, balle Kano da Sakkwato. An nuna mana wurin. An kuma nuna mana ɗan gidan hutawarsa a kan dutse, mai rakiya yana ta rantsuwa wai a nan matarsa Flora Shaw ta tsaya ta dubi ruwa ta raɗa wa ƙasar suna Nijeriya. Wannan kam ba mu saya ba. Sunan ya fito ne a wata jaridar Landan cikin Janairun 1897, aurensu kuwa sai 1902. Amma ba mu yi masa musu ba, abincinsa yake nema.

Akwai wata magana mai nauyi da ba ma son faɗa a majalisa, amma tarihi ya riga ya rubuta ta. Su wane ne suka ɗauki bindigogin nan? Turawa ba su da yawa, hafsoshi ne kawai. A tafiyar Baikie ta 1857 akwai wani hafsan jirgin ruwa mai suna Glover. Shi ne daga baya, yana mulkin Ikko, ya tara Hausawa a 1863, galibinsu bayin da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa, ya mai da su 'yan bindiga, ana kiransu Hausawan Glover. Sojan Nijeriya har yau daga wannan shekara yake ƙirga asalinsa. Rundunar da Lugga ya haɗa daga 1897 zuwa 1898 ita ma Hausawa da Yarbawa ne suka fi yawa a ciki. Ke nan mutanen da suka fasa ganuwar Kano da yawansu Hausa suke ji, wasunsu ma Hausawan Kurmi ne, irinmu. Ba za mu zage su ba, domin wanda aka kama a ƙauyensu aka sayar da shi Kudu ba lalle ne ya ga sarakunan Arewa da idon da mu muke ganinsu ba. Amma ba za mu yi kamar ba a yi ba. A cikin gari akwai wani ginin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, da manyan igwa a girke, mun tsaya mun duba.

La'asar sakaliya muka isa unguwar Kabawa. Duk wanda ya taɓa zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato, ko gidan Nasarawa a Kano inda ake binne sarakuna, kada ya zo nan da wannan hoton a ransa. Kaburburan suna cikin unguwa ne, tsakanin gidajen mutane, yara na wasa, awaki na wucewa. In ba a nuna maka ba sai ka wuce.

Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu Mai Sango, ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi ne. Ya hau gadon sarauta a 1894 ta hanyar Basasa, yaƙin da aka gwabza tsakanin Yusufawa da Tukurawa, wanda ya raba gidan Dabo biyu. Shekarunsa tara a kan mulki kusan duk a kan doki ya yi su, ga Damagaram ta arewa, ga Ningi ta kudu. A watan Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe wani Baturen mulki, Kyaftin Moloney, ya gudo Kano, Alu ya karɓe shi da girmamawa. Lugga ya sami hujjar da yake nema. A farkon 1903 Alu ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa domin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru, yana can Turawa suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. A kan hanyar dawowa labari ya same shi. Cikin dare ya rabu da rundunarsa ya yi arewa, rundunar ta rabu biyu: Wambai Abbas ya koma Kano da jama'a masu yawa aka naɗa shi sarki, Waziri Ahmadu kuwa ya ƙi, ya yi shahada a Kwatarkwashi. Shi Alu aka kama shi a ƙasar Gobir aka miƙa wa Turawa. Aka kai shi Yola, daga baya aka kawo shi Lakwaja. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi cikin Yulin wannan shekara.

A gaban kabarin sai da gardama ta tashi a tsakaninmu. Wani ya ce ai gudu ya yi, ya bar ɗan'uwansa ya mutu a fagen fama. Wani ya ce hijira ya yi niyya, kuma malaman lokacin da yawa hijirar suka zaɓa, har Sarkin Musulmi ma gabas ya nufa. Mu dai ra'ayinmu, wanda ya taɓa kwashe iyalinsa cikin dare ya bar shagonsa a buɗe, kamar yadda wasunmu suka yi a Shagamu a 1999 ko a kasuwar Sasa a 2021, ba zai yi saurin yanke wa wani hukunci a kan daren da bai kwana a cikinsa ba. Abin da ya fi tsaya mana a rai lissafi ne. Alu ya rasu a 1926. Shekara 9 yana sarki, shekara 23 yana tsare a ƙasar da ba tasa ba. Abbas da ya gaje shi ya riga shi rasuwa tun 1919, Lugga da ya kore shi ya gama aikinsa ya koma Ingila, shi yana nan gindin dutse yana kallon ruwa. Mutumin da dawaki dubbai ke bin bayansa ya ƙare a garin da ƙudan tsando ba ya barin doki ya yi tsawon rai.

Labarin sarakunan Zazzau biyu ya fi ban mamaki. Sarki Kwasau, na gidan Barebari, ya hau a 1897. Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, ya addabi ƙasarsa da hare-hare, har ta kai Kwasau ya nemi taimakon Turawa a 1902. Suka zo suka kawar masa da Nagwamatse, suka kafa bariki a Zariya, ba a jima ba suka tuɓe shi shi ma. Ya ƙare a Lakwaja, ya rasu a 1907. Wanda Lugga ya naɗa a madadinsa a 1903 shi ne Aliyu Ɗan Sidi na gidan Mallawa, jikan Malam Musa, malami kuma mawaƙi, mai waƙar Tabarƙoƙo da har yanzu ake nazarinta a makarantu. Ya yi shekara 17 yana aiki da su, a 1920 suka tuɓe shi bisa zargin yana da hannu a harkar bayi, suka kawo shi garin da suka kawo wanda ya gada. Ya rasu a 1924. Wanda ya yi musu tsaye yana nan, wanda ya kira su yana nan, wanda suka naɗa da hannunsu yana nan, duk a gari ɗaya. Etsu Abubakar na Bida, ɗan mai masaukin farko, shi ma nan aka kawo shi.

Dalilin zaɓen Lakwaja a fili yake. Akwai barikin soja, ga ruwa ya tare gabas, ga nisa da talakawansu, kuma jama'ar garin ba sa bin kowane ɗayansu bashin biyayya. Turawa sun tafi amma dabarar ba ta tafi ba, domin a 1963 Azare aka kai Sarkin Kano Sanusi na ɗaya, a 1996 kuma aka kai Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi jihar Taraba.

Sarki ba ya tafiya shi kaɗai. Mata da 'ya'ya da barori da malamai sun biyo su, kuma ba duka ne suka koma ba. Dattijon da ya raka mu ya ce shi ma kakansa a irin wannan ayari ya zo, shi kuwa a nan aka haife shi, yana jin Nufanci da Yarbanci, Kano sau biyu ya taɓa zuwa. Muka tambaye shi to shi ɗan ina ne? Ya ce, "Alhaji, in na je Kano ɗan Lakwaja suke ce mini, a nan kuma Bahaushe." Ba wanda ya yi dariya a cikinmu, domin dai kowa ya san wannan amsa, ita muke bayarwa in an tambaye mu.

Akwai kuma wata igiya da ta ɗaure Lakwaja da Sabo wadda ba mu taɓa lura da ita ba. Lugga bai daɗe a garin ba, ya mai da hedkwata Jabba, a 1902 ya koma Zungeru, daga baya a 1917 aka koma Kaduna. Sannan jirgin ƙasa ya zo. Layin dogo daga Ikko ya iso Badun a 1901, wanda aka ja daga Baro ya isa Kano a 1911, aka haɗe su a 1912, kuma bai bi ta Lakwaja ba. Kaya suka fara barin ruwa suna hawa dogo, garin ya yi sanyi. To wannan dogon da ya rage wa Lakwaja kasuwa shi ne ya haifi unguwarmu. Da can kakanninmu Gwanja suke zuwa sayen goro da jakuna, tafiyar watanni. Da jirgi ya samu, Yarbawa kuma suka dasa goro a Agege da Shagamu da sauran wurare, sai ciniki ya juyo nan, shanu na gangarowa, huhunan goro na hawa. Hausawan Badun, waɗanda da suke warwatse a gidajen Yarbawa cikin gari, aka ware musu Sabo a 1916. A shekarar da aka kafa unguwarmu, Alu yana raye a Lakwaja, saura masa shekara goma.

Garin bai sake farfaɗowa sosai ba sai da kwalta ta dawo masa da matafiya, aka gina gadar Murtala a kan Kwara wajen Kotonkarfe, Abuja ta zama babban birni, sannan Janar Babangida ya ƙirƙiro jihar Kogi ranar 27 ga Agusta 1991 ya ba Lakwaja hedkwata. Ruwan kuwa har yanzu shi ne mai gari. A 2012 da 2022 ambaliya ta shanye hanyar Abuja, motoci suka yi kwanaki a jere. Waɗanda kayansu na gwari suka ruɓe a wannan layi, da waɗanda goronsu ya yi zafi a cikin huhu, ba sai an tuna musu ba.

Kafin Magariba muka tsaya muka yi wa mamatan addu'a, babbanmu ya ja, ya kuma tuna mana ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman. Daga nan sai hira ta juya kan tamu maƙabartar. Muka fara ƙirga dattawan Sabo da muka binne da hannunmu, waɗanda suka zo daga Kano da Katsina da Gobir da Damagaram da niyyar yin shekara biyu su koma, muka ga akwai da yawa da in aka ce mu nuna kabarinsu yau ba za mu iya ba, kuma 'ya'yanmu ko sunan garin da suka fito ba su sani ba. Sarakunan Kabawa ko ba komai suna da mai nuna su. A nan take muka yi shawarar kawo wa ƙungiya magana a taro mai zuwa: a sayi babban littafi, a zaɓi matasa biyu ko uku masu boko da ajami, su bi sauran tsofaffinmu gida-gida, maza da mata, su rubuta wa ya zo, daga ina, a wace shekara, wane gida ya sauka, wace sana'a ya yi, a ina aka binne shi. Mu bakwai ɗin nan mun ɗauki nauyin littafin da kuɗin mashin na wata uku.

Washegari wajen ƙarfe goma bakanike ya gama, ya caje mu abin da ya caje mu. Mun rasa ɗaurin aure, sai walima muka tarar. Da muka hau gadar Murtala yaron nan ya leƙa ta taga yana kallon ruwa, can sai ya juyo ya ce wa mahaifinsa, "Baba, shi Kaka daga wane gari ya zo Badun?" Mahaifin ya ce daga wajen Bichi. Yaron ya ce wane ƙauye? Ya ce bari in mun isa Kano a tambayi Gwaggo, ita kaɗai ta rage da za ta sani.